Sai Mai Jiki Ta Ce a Ɗaure

Fuseini ɗan Mma Rabi mai koko ya ɗora wa sana'ata ƙarya, ya sayar wa baƙi da sunan al'ada, kuma a cikin shagona ya yi. Ban ce ya sace min komai ba. Da sata ya yi da abin ya zo da sauƙi, don ɓarawo abin da hannunsa ya ɗauka kaɗai yake tafiya da shi. Duk wanda zai ce in yi haƙuri don yaron unguwa ne, ya fara zuwa ya zauna kan kujerar da nake zama tun ina budurwa, sannan mu yi maganar haƙuri.

Jigida nake yi a unguwar Nima ta birnin Accra, bayan kasuwa, a lungun da ke gangarawa zuwa babbar kwatar da ta raba mu da Maamobi. Ku 'yan matan yanzu da kuke leƙo ni da waya a hannu kuna cewa, "Mma Adiza, ai wannan zare ne da allura kawai, a bidiyo ma ana koya," ku nake rubuta wa. Rubutun ma sai da na aurar da 'yata ta fari na koye shi a makarantar manya, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku ƙyale shi, ku bi maganar.

Aikin farko da Mma Dede, wadda ta koya min sana'ar, ta ba ni ba zare a ciki, ba allura. Dutsen niƙa ne da yashi da kwanon ruwa. Mma Dede 'yar Krobo ce, daga can inda ake daka fasassun kwalabe su zama gari, a zuba a 'yan ramukan yumɓu, a gasa su fito duwatsun ado. Wani mahauci Bahaushe ya auro ta zuwa Nima, ta musulunta, ta koyi Hausarmu ta Zango wadda mace da namiji duk "ya" ake ce musu. Duwatsun in sun fito daga wuta bakin hudarsu yana da kaifi. Ido ba ya ganinsa, amma zare yana ji, fatar mace ma tana ji. Sai an zauna an goga su ɗaya bayan ɗaya. Damina guda na yi ina guga, har yatsuna suka daina jin zafin tukunya. In na gama kwano na kai mata, ba ta dubawa da ido. Ta ɗauki ɗaya ta ɗora a harshe, ta juya shi. In ya karce ta ko kaɗan, kwanon duka take turo min da ƙafa.

"Ƙugun mutum ya fi harshe taushi," in ji ta. "Koma."

Bayan guga sai zare. Zaren auduga ake ninkawa, a ja shi cikin kakin zuma har ya daina gashi, ya yi santsi, ruwan wanka ya daina shigarsa. Wannan igiyar roba ta kamun kifi da kuke sawa tana da sauri, na sani, amma mace ta yi ƙiba kaɗan ta shige mata cikin nama kamar wuƙa. Auduga tana bin jiki. In abin ya yi yawa ita ke tsinkewa, ta bar mutum lafiya. Bayan zare sai jerin launi, wanda ba a koyar da shi da baki, sai dai ki yi ta kallo har idonki ya san abin da ya dace da baƙar fata mai sheƙi da abin da ya dace da wankan tarwaɗa. Duk wannan na iya shi kafin ta yarda na leƙa bayan labule.

Bayan labulen nan sana'ar take. Sauran duk shiri ne.

Na tuna wata mai jego da uwar mijinta ta kawo daga Maamobi, ranar da aka fara barina in riƙe faranti a ciki. Uwar mijin ce mai biya, ita ta zaɓi manyan duwatsu masu nauyi, jajaye, irin waɗanda ake jin ƙararsu in mace ta juya. Mma Dede ta zagaya su a ƙugun yarinyar, ta kama bakin zaren biyu da yatsu, ta ce ta zauna, ta tashi, ta sunkuya kamar za ta ɗauki jariri, ta ja numfashi ta sake. Ba a awon jigida da tef, da jiki ake yi, jikin ma yana motsi. Sannan ta tsaya, zare a hannu.

Uwar miji ta ce, "Ya yi, Mma Dede. Ɗaure."

Mma Dede ba ta ko kalle ta ba.

"Na ce ya yi. Muna sauri."

"Hajiya, kai ne zai kwana da shi?" in ji Mma Dede. "Shi ne mai jiki. Sai ya ce."

Yarinyar ta ce a hankali duwatsun suna taɓa mata wurin da aka yi mata aiki. Mma Dede ta saki zaren, ta ɗauko ƙanana farare marasa nauyi, aka sake daga farko. Da yarinyar ta ce "a ɗaure" da bakinta, sai aka ɗaure. Uwar mijin ta biya tana tsaki, amma ta biya.

Ku gane dalili. Jigidar auduga ba ta da maɓalli. Da ita ake wanka, da ita ake barci, da ita ake naƙuda. Wata ba ta rabuwa da tata sai a hannun masu wankan gawa. Abin da zai zauna a jikin mutum haka, ba mai biya ke da maganarsa ba, ba mai sayarwa ba, ba mai rakiya ba. Dokar tana da ƙanwa kuma: duk macen da ta dawo ta ce a cire, almakashi ake ɗauka a yanke, ba a tambayarta dalili. Mma Dede tana da wani baƙin almakashi na ƙarfe da take ratayewa a ƙusa gefen labule, inda mai shigowa za ta gan shi tun kafin ta kwance zani. Da ta rasu 'ya'yanta suka ɗauki akwatuna da gwala-gwalai, ni suka miƙo min almakashin da kujerar da nake zama a kai tun ina koyo. Ban ga an cuce ni ba.

In da kun ga lungun nan bayan la'asar a wancan lokacin. Tabarma cike da mata, takalma sun tare ƙofa, turaren wuta yana tashi. Amare da ƙawayensu, masu jego, matan ƙabilar Ga daga bakin teku da ke ciniki da faɗa kamar an zage su, matan Nijar da Hausarsu mai tsabta suna yi wa tamu dariya. 'Yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa, in lokacin komawa gida ya yi, sukan zo da kwanonsu na ɗaukar kaya su jingina a bango, kowace ta sayi zare ɗaya tak, ta daɗe tana zaɓe fiye da amarya. Bayan labule mace takan faɗi abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Wata ta zo a rage mata tsawo don ta rame, ba sai ta ce komai game da gidanta ba. Wata ta zo a ƙara mata, tana rufe baki tana dariya, mu riga mijinta sani. Ranar Alhamis in hau mota tun asuba zuwa kasuwar duwatsu ta Koforidua, in dawo da ƙunshi a ka, kafin in sauke sun taru suna cewa a buɗe mu gani. Kalmar nan "a ɗaure" na ji ta da Hausa, da Twi, da Ga, da Dagbani, da gyaɗa kai da murmushi. Ba ta taɓa gundurata ba.

Shekarar korona ce ta kashe tabarmar. Aka rufe kan iyaka, aka hana taro, aka koma ɗaura aure daga liman sai waliyyai. Muka ce in cutar ta wuce za a dawo. Cutar ta wuce, tsada ta zauna a wurinta. Kafin mu farga jigidar roba ta kwantena ta cika kasuwar Circle, mai maɓalli, mai ƙyalli, ana zuba ta a ƙasa kamar tumatir, ana tallarta a waya. Ban ga laifin matan unguwa ba. Wadda ke tunanin abin da za ta ɗora a wuta ba za ta tsaya zaɓen dutsen Krobo ba. Sai in buɗe shago in share, in zauna in yi ta guga, in rufe. Labulen nan har gizo-gizo ya yi masa saƙa a sama.

A cikin wannan hali Fuseini ya shigo min wata safiya, da riga mai sunan kamfani da kati a wuya. Na san shi tun uwarsa tana goya shi a bakin tukunyar koko. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce yanzu jagoran baƙi ne, masu yawon buɗe ido yake zagayawa da su a mota, kuma yana so ya riƙa tsayawa da su a wurina.

"Kina da labari, Mma. Su labari suke saye. Ni kuma a ba ni la'adata."

Na ce la'ada ba haram ba ce, dillalin shanu ma yana ci. Muka shirya.

Gaskiya ɗaya ce, motar Fuseini ita ta riƙe shagon nan. Ita ta biya haya, ita ta mayar da ni Koforidua. Baƙin kuwa yawancinsu ba Turawa ba ne, baƙaƙen fata ne daga Amurka, jikokin waɗanda aka kwashe ta teku, sun zo neman inda aka fito da kakanninsu. Akan kai su gidajen bayi na bakin teku su sha kuka, kashegari a kawo su Nima. Sukan ɗauki dutse su riƙe a tafin hannu kamar ana gaisawa da mamaci. Da ɗan Turancina na makarantar manya nake musu bayani, inda na maƙale Fuseini ya ƙarasa. Wasu su saya, wasu su ɗauki hoto su yi godiya su tafi. Haka kasuwa take.

Daga baya abubuwa suka fara canzawa, kaɗan kaɗan. Ya fara sa direba ya ajiye motar can saman titi, ya biyo da su ta lungunan da ko ɗan Accra in ba a nan aka haife shi ba sai ya ɓace. In sun shigo sai ya ja ƙofa, wai ƙuda da hayaniya, direban da ya biyo su ya jingina da ita. In tashi in buɗe, in na shiga bayan labule in fito in tarar an sake rufewa. Na ce masa shagona ba kurkuku ba ne. Ya ce, "Mma, kamfani ya daina ba ni albashi. Sun ce in ci daga la'adar kanti. In ba su saya ba, ni da yarana iska za mu sha." Na tausaya masa, amma ƙofar na ci gaba da buɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciniki ya yi kyau fiye da kima. Duk wadda na zagaya wa zare sai ta saya. Ba mai cewa a canza launi, ba mai cewa bari in yi tunani. Kafin in ce ta zauna ta tashi, ta riga ta ce "yes", fuska a ɗaure kamar mai jiran allura a asibiti. Ba dariya a bayan labule. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce da zafin rana.

A makarantar manya akwai ranar da aka kawo mana wata lauya ta yi wa matan kasuwa bayanin haƙƙinsu. Ban riƙe duk abin da ta ce ba, amma na riƙe wannan: cinikin da aka yi da tsoratarwa ba ciniki ba ne, wanda aka karɓi kuɗinsa ta haka yana iya neman a mayar masa. Ba mai ikon rufe wa mutum ƙofa ko tare masa hanya don ya saya, yin haka laifi ne ko da murmushi aka yi shi. Na ɗaga hannu na ce, har baƙon da ya zo kwana kaɗan? Ta ce har shi. Wanda ya biya kuɗin yawo, yawo ya saya, bai yi alkawarin sayen kayan kowa ba. Jagora kuma da lasisi yake aiki, kuma akwai ofishin da ke ba da shi, akwai inda ake kai ƙara. Na ce a raina ashe gwamnati ma ta san dokar Mma Dede, ta dai yi mata dogon Turanci ne. Malamanmu na allo ma abin da suke faɗa ke nan, ciniki sai da yarda.

Ranar da abin ya fashe, mata ne cike da shagon. Na fara ɗaura wa wata yarinya doguwa mai tabarau, ta ce "yes" da sauri, ta biya, ta koma gefe. Sai wata dattijuwa ta shigo bayan labule, mai jiki, kitsonta duk furfura, tana dafa gwiwa. Gloriya sunanta. Ta girme ni, don haka Anti na kira ta. Ta zaɓi shuɗi mai ɗigon rawaya, tsohon aikin Krobo da na daɗe ina ɓoyewa don ban ga wadda ya dace da ita ba. Na zagaya mata, na kama bakin zaren biyu. Ya zauna mata kamar a jikinta aka gasa shi. Na ce ta zauna, ta tashi, ta ja numfashi.

Ta sunkuyo ta yi magana a hankali, kalma kalma don in gane. Ta ce 'yarta tana da tsohon ciki a can gida. In ta ce ba ta so, abin zai taɓa 'yar, ko ita kaɗai zai taɓa?

Na ce wane abu?

Ta ce abin da jagora ya gaya musu a mota. Wai a al'adarmu, in jigida ta zagaya jikin mace an gama, ba a cirewa, ba a fasawa. Wadda ta ƙi ta wulaƙanta kakanni, kuma kakanni ba sa yafewa, kan haihuwa suke sauka.

Daga bayan labule Fuseini ya ce da Hausa, "Mma, ɗaure mana, lokaci yana tafiya."

Na buɗe yatsuna. Zaren ya sulale, na tare shi a faranti. Na gyara mata riga, na ciro almakashin Mma Dede daga ƙusa, na yaye labulen gaba ɗaya.

"Fuseini, a wace al'ada?"

Ya dubi almakashin, ya dubi baƙinsa, ya yi musu murmushin aiki. "Mma, mu yi magana daga baya."

"Ta Hausawa ce, ko ta Krobo, ko ta gidanku? Uwarka a nan aka ɗaura mata, a nan aka yanke mata lokacin cikinka. Ga ka nan tsaye da ƙafa biyu kana ƙarya."

"Ɗan gishiri ne kawai a labari. Kowa yana yi."

"Matar nan teku ta ƙetaro tana neman kakannin da ko sunansu ba a bar mata ba. Kai kuma ka ɗauko su ka tsayar a ƙofa kamar 'yan karɓar haraji."

Na juya wurin yarinyar mai tabarau, na tambaye ta da Turancina ko tana son wadda na ɗaura mata. Ta dubi Fuseini. Na ce ni za ta kalla, ni ce mai shagon. Ta girgiza kai. Na ja ta gefe, na sa almakashi na yanke. Duwatsun suka zube a siminti, suka yi ta gangarawa har ƙarƙashin benci. Na mayar mata da kuɗinta a hannu. Na ce musu duka su duba, ba abin da ya faɗo daga sama. Haka ake yi tun kafin a haifi wannan yaron. Sannan na nufi ƙofa. Direban ya dube ni, ya ga sa'ar uwarsa da almakashi a hannu, ya matsa. Na buɗe ta har bango, na sa kujerata na tokare.

Anti Gloriya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Fuseini kuɗin yawo ta biya, kuma zai mayar da su mota yanzu, ya kai su masauki kamar yadda aka yi alkawari, ko sun saya ko ba su saya ba. Ta ce gobe da safe za ta je ofishin da ke ba jagorori lasisi. Sannan ta juyo gare ni. Ta ce su jirginsu ya kusa tashi, in sun tafi maganarsu ta tafi da su, za a ce baƙi ne ba su fahimta ba. Sai in akwai wanda zai zauna a garin ya ce ya gani.

Fuseini ya gane abin da take nema kafin in gama fassara wa kaina. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Mma, baƙo raɓa ne. Kafin rana ta take ya bushe. Ni da ke muna nan. In kika je, motar nan ba za ta ƙara tsayawa a lungun nan ba, ba tawa ba, ba ta kowa ba. Jagorori duk bakinmu ɗaya. Wa zai saya miki? Matan unguwa?"

Tambayar tana da gaskiya a ciki.

Suna fita Anti Gloriya ta tsaya a gaban farantin. Ta sa yatsa ta taɓa shuɗin nan. Ta ce tun daga gida da niyyar jigida ta taso, kakarta ta taɓa gaya mata matan da suna sawa. Ta ce tana so, amma ba yau ba, yau ba za ta iya bambance son da tsoron ba. Na ce zare ba ya gajiya da jira.

Kafin magariba labari ya gama lungu. Ina durƙushe ina tsince duwatsu daga ƙarƙashin benci, Alhaji mai gidan da nake haya ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa. Ya ce, "Adiza, ba a kai ɗan Zango gaban hukuma saboda baƙo. In ya yi laifi akwai manya, akwai sarkin Zango. A kira shi a ja masa kunne."

Na ce, "Alhaji, da ni ya yi wa, wurin manya zan kai. Amma waɗanda ya yi wa ba su san ƙofar sarki ba, kuma ba wanda zai kira su zaure. Matan da na ɗaura wa a watannin nan suna can wata ƙasa da zarena a ƙugu, suna tsoron almakashi. Wane babba ne zai je ya kwance musu?"

Ya ce, "To, hayar fa?"

Na ce Allah yana nan. Ya ce yana nan kam, ya tafi masallaci.

Na gama tsince duwatsun, na wanke su, na shanya a faranti. Wasu sun fashe, na ware. Na mayar da almakashin ƙusarsa. Na zauna ina kallon tabarmar da ke naɗe a kusurwa tun shekarar korona, har aka kira salla.

Da safe na yi wanka, na sa atamfata ta zuwa suna, na yafa gyale. Ban bi hanyar titi kai tsaye ba, na biya ta wurin Mma Rabi. Tana zaune bayan tukunyar koko, ƙosai yana soyuwa, layin yara 'yan makaranta a gabanta. Ta gan ni, ta ga atamfar, ta ajiye ludayi.

"Adiza, ina kwana."

"Lafiya lau, Yaya Rabi. Ban so ki ji a bakin wani ba. Zan je ofishin lasisin jagorori in faɗi abin da na gani. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Zan faɗa musu har da cewa kamfanin ba ya biyansa."

Ta daɗe tana juya ƙosai da bai buƙaci juyawa ba.

"Yana da yara," ta ce.

"Na sani. Ni na ɗaura wa ƙaramarsu jigida ranar suna."

Ta ɗebi koko ta ƙulla a leda, ta haɗa da ƙosai, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba. "Ofis ba a zuwa da yunwa. Layi ne da su."

Na karɓa. Na hau zuwa titi, na tsayar da motar haya, trotro mai zuwa Circle, na samu wuri a gefen taga. Jakata tana kan cinya. A cikinta akwai katin shaidata, da kokon Mma Rabi da ɗuminsa, da shuɗiyar jigidar nan da Anti Gloriya ta zaɓa, a naɗe cikin hankici, bakin zarenta biyu a sake.